Ɗaliba Ta Shida

Shekara ashirin da huɗu ta yi tana zama a kan kujerun da ba don ita aka ƙera su ba. Kujerun 'yan shekara bakwai ne, masu gajerun ƙafafu, irin waɗanda in babba ya zauna sai gwiwarsa ta taso ta gaida haɓarsa. Aikinta ke nan. Ofishin ilimi ya tura ta makaranta, ta shiga aji ta wuce can ƙarshe, ta zauna da takarda a cinya, tana kallon yadda malami ke gudanar da shirin koyar da karatu da na gyaran halin yara. In an tashi sai ta keɓe da shi, ta faɗa masa abu uku da ya yi daidai, da abu ɗaya da zai gyara. Ba ta taɓa sauya wannan tsari ba. Akwai malamin da ya cinye darasi guda yana neman alli, ta ce masa ya iya neman abu cikin natsuwa, bai zargi kowa ba, kuma a ƙarshe ya samu.

Sunanta na gaskiya yana cikin fayil a ofis. A makarantu goma sha ɗayan da take zagayawa kuwa, daga hedimasta har mai shara, Bayan-Aji suke ce mata. Mace ce 'yar ƙarama, shekaru kuma suka ƙara rage ta kamar sabulun da ya daɗe a bakin famfo. Ta san makaranta ta ƙasa, inda manya ba sa dubawa. Ta san cingam ɗin da ya bushe a ƙarƙashin tebur, da takalmin da ake cirewa a ɓoye saboda ya matse, da hasken ƙarfe goma da ke shigowa ta taga ya kwanta a ƙeyar yara kamar tafin hannu.

Doka ɗaya ta riƙe gam, ita ce ma ta rubuta ta a littafin horar da ma'aikata: mai kallo ba ya magana. Ba ya gyara wa kowa, ba ya murmushi, in tari ya taso masa ya haɗiye. Ta ƙware a wannan har yara kan rataya mata jaka a kafaɗa su manta. Sau biyu aka kulle ta a aji bayan an tashi, sau biyun kuma sai da ta gama cike takardarta kafin ta buga ƙofa.

Makarantar da ta fi zama mata a rai ita ce ta ƙarshen layin bas, inda direba ke kashe mota ya miƙe ƙafa. A can akwai malamin aji biyu, wani matashi da ake kira Dogo, wanda sai ya sunkuya kafin ya shiga ajinsa, mai haƙuri da yara da tsoron manya. A cikin yaransa arba'in akwai biyar da haruffa suka ƙi yi wa magana. Sauran sun kama hanya, su kuwa in aka buɗe littafi sai su tsaya a bakin shafi kamar mutanen da suka iske kogi ya kawo.

Akwai magani a tsarin ofis. Yaron da ya kasa karanta kalma talatin a minti ɗaya ana sa shi a rukunin taimako, a ba shi rabin awa kullum da malaminsa a keɓe, da ƙananan littattafai na musamman, a turo mai riƙe sauran ajin a wannan lokaci. Sai dai ba a buɗe rukuni sai yara sun kai shida. Bayan-Aji ta rubuta wasiƙa uku a kan biyar ɗin nan. Amsar ta zo cikin ladabi, cewa a ƙa'ida biyar ba su kai a ce musu rukuni ba, amma ba laifi a ci gaba da kiransu yara.

Ta san abin da ke jiransu, don ta sha kallonsa daga baya. Yaron da ya shiga aji uku bai iya karatu ba yakan koyi motsa leɓe tare da jama'a. A aji huɗu ya koyi ciwon ciki ranar jarrabawa. A aji biyar sunansa ya koma fayil ɗin masu tsiwa, daga nan sai wata safiya ta zo ta tarar da kujerarsa ba kowa, ta zauna a kai. Yawancin kujerun da ta zauna a rayuwarta haka aka bar mata su. Rabin awar nan take nema wa yaran, ba ta neman komai bayan ita.

Ranar gwajin farkon zango ta faɗo ranar zuwanta. Mai gwajin wani saurayi ne da 'yar na'ura a hannu, makarantu tara ke jiransa kafin la'asar. Ita ta horar da shi bara, kuma ya ɗauki horon da kyau, musamman shafi na tara, inda ta rubuta cewa mai gwaji kada ya kalli fuskar ɗalibi, don kada tasa fuskar ta ba da amsa. Haka ya bi teburan ɗaya bayan ɗaya, ido a kan na'ura, ya ajiye takarda, ya faɗi kalmomin da aka tsara masa, ya danna agogo. Ya gama da na arba'in, ya matsa gaba, ya ga akwai sauran tebur da hannaye biyu a kai. Ya ajiye takarda.

"Ga labari. A karanta da ƙarfi. In wata kalma ta yi wuya a wuce ta. A fara."

Bayan-Aji ta dubi takardar. Tana bakin aiki, mai kallo kuma ba ya magana. Dogo ya buɗe baki daga gaban allo, sai ya tuna shafi na goma ya hana malamin aji cewa uffan yayin gwaji, kuma wadda ta rubuta shafin na zaune tana kallonsa da biro a hannu. Ya mayar da bakinsa. Aka yi minti ɗaya cur, manya uku kowa na kan daidai, ba a jin komai sai fanka. Agogo ya yi ƙara. Mai gwaji ya tambayi sunan ɗaliba, don bai gan shi a jeri ba, yara arba'in suka haɗa baki suka ba shi. Ya rubuta, ya sa sifili, ya fita da sauri kada bas ta tashi.

Ta ɗauka na'urar za ta tofar da sunan. Ashe an gina ta da tausayin yaran da ke shigowa makaranta a makare, duk sunan da ba ta sani ba sai ta yi masa rajista. Bayan kwana goma wasiƙa ta iso tare da kwali. Ofis na taya makaranta murnar cika sharaɗi, an samu yara shida ƙarƙashin layin kalma talatin, an buɗe rukuni. An kuma ɗora wa jami'ar da ke kula da makarantar nauyin tallafa wa malami, tare da sa ido na musamman a kan ɗaliba ta shida, wadda halinta ya fi na kowa tsanani.

Suka zauna su uku a ofishin makaranta, ita da Dogo da hedimasta, mutumin da takarda ke sa shi zufa ko da ta gayyatar biki ce. Ya ce dole a gyara tun kafin abin ya yi jijiya. Ya ciro fom ɗin cire ɗalibi daga rajista, ya karanta dalilan da aka yarda da su: ƙaura zuwa wata makaranta, ko barin karatu, ko rasuwa. Kowanne sai da sa hannun uba. Da ya zo kan na ukun ya ɗan ɗago ya dube ta, sannan ya yi saurin cewa Allah ya ja da rai, shi bai ce komai ba.

Ba ta sauraronsa. Ta buɗe kwalin tana taɓa littattafan, shida-shida na kowane iri, sababbi, suna ƙamshin gam da tawada. Ta tambaya, in aka cire ta shidan, me zai faru da kwalin. Hedimasta ya ce sai a mayar, rukuni ya rushe.

"A bar ta," in ji Bayan-Aji.

"A bar wa, Hajiya?"

"Yarinyar. A bar ta ta yi karatunta."

Aka share ɗakin ajiya, aka tura tsofaffin taswirori da karyayyun kujeru gefe, aka sa tebur ɗaya zagayayye. Nan rukuni ke zama bayan hutun safe. Tun da tsari ya ce duk wanda ke cikin rukuni sai ya karanta da bakinsa, kuma a auna shi kowace Alhamis a aika sakamako, Bayan-Aji ta baro bayan ɗaki ta shigo da'ira, karo na farko tun tana amarya a aikin. Littafin karatu a hannun dama, takardar kallo a hagu. Ranar farko Dogo ya riƙe katin harafi, ya ce, "Ranki ya daɗe, ko za a taimaka a faɗi wannan?" Da aka tashi ta faɗa masa abu ukun da ya yi daidai, sannan ta ce abin gyara ɗaya ne, ya daina ce wa ɗaliba ranki ya daɗe, yana ɓata ta.

Kasawa ma aiki ce, kuma ta yi ta da ilimi. In ta karanta daidai za ta haye layi, su koma biyar. Sai ta buɗe rumbun kurakuran da ta tara shekara ashirin da huɗu, tana zaɓo su ɗaya-ɗaya kamar mai zaɓen zane. Yau ta kalli hoto ta ƙirƙiro abin da ba a rubuta ba, gobe ta tsallake layi, jibi ta kama harafin farko ta yi cacar sauran. Kowane kuskure ta san mai shi. Tana yi tana tuna fuskokinsu, wasu yanzu sun yi gemu, wasu suna goyo.

Cikin biyar ɗin akwai wata yarinya mai wushirya, wadda tun shigarta makaranta ba a taɓa jin muryarta ta wuce tebur ba. Sati biyu ta yi tana kallon tsohuwa na dagula kalmomi. A na uku abin ya ishe ta.

"Kaka, ba haka ba ne. Sa yatsa. A'a, nan. Ke ba kya kallo ne, sauri kike yi."

Daga ranar yaran suka ɗauke ta aiki. Sukan tafi gida da littafi su sha fama da shi, don kawai su zo gobe su gyara wa Kaka. Suna jayayya kan wa zai zauna kusa da ita. Mai Wushirya ta zama uwar ɗaki, mai tsauri kuwa, ba ta san wani abu uku mai kyau ba, kai tsaye take zuwa kan laifi. Ɗaya ne bai shiga wannan hidima ba, wani yaro da suke kira Sarkin Barci, wanda da an buɗe littafi yake kifa kai ya rufe ido. Shekara guda Bayan-Aji na rubuta a takardarta cewa yana barci. Sai da ta zauna kafaɗa da kafaɗa da shi ta ga idanunsa na yawo a ƙarƙashin fata, leɓensa na bin abin da ake karantawa a hankali. Yaron yana ji sarai. Haruffan ne ba ya son su gan shi.

Ana cikin haka na'ura ta gano wata matsalar. Bayan-Aji Talata da Alhamis take zuwa wannan makaranta, saboda haka ɗaliba ta shida na fashin kwana uku a kowane mako. Nan take aka sa ta a shirin gyaran hali. Aka ba ta kati mai gida uku, zuwa da wuri, zama wuri ɗaya, bin umarni, malami ya sa tauraro ko ya bar gidan fili. Kowace safiya za ta fara gaida wani babba da ta amince da shi, ya yi mata fatan alheri. Ta zaɓi maigadi. Shi kuwa ya ɗauki abin da zafi, har farcenta yake dubawa. Da yamma kuma sai uba ko mai riƙo ya sa hannu.

Iyayenta sun daɗe da rasuwa, 'ya'yanta suna garuruwan aurensu da aikinsu. Saura maigidanta, mai gyaran agogo, wanda ya yi shekara talatin da shida yana shan abu uku mai kyau da ɗaya na gyara a kan komai, har yadda yake rataye tawul. Da ta miƙa masa katin ta yi bayani, bai yi dariya ba. Ya tashi ya wanke hannu, ya ɗauko gilashin da yake maƙalawa a ido in zai duba cikin agogo, ya zauna ya bi katin gida-gida.

"Malama, nan an ce ba ki zauna wuri ɗaya ba. Kin tashi kin leƙa aji uku da aji huɗu."

"Aiki na je, Malam."

"Duk haka suke cewa."

Ya sa hannu da kyakkyawan rubutu, ya ƙara da nasa bayanin a ƙasa, cewa a gida ma ana fama. Ranar taron iyaye ya sa rigarsa mafi kyau, ya hau bas har ƙarshen layi, ya zauna a sahun gaba. Da aka ba da dama ya miƙe ya ce shi mai riƙon ɗaliba ta shida ne, yana iya ƙoƙarinsa, amma yarinyar ta faɗa cikin abokan banza, kullum tana tare da malamai. Hedimasta ya nemi ruwa. Wata uwa a baya ta ce tata ma haka take, sai addu'a.

Don katin ya gyaru, Bayan-Aji ta juya dukan jadawalinta. Kullum ta hau bas ɗin farko zuwa ƙarshen layi, ta gaida maigadi, ta yi rabin awarta, sannan ta juyo ta bi sauran makarantu goma a guje. Gwiwoyinta suka fara magana da ƙarfi a kan matakala. Taurari dai suka taru, har ta ci fensir mai ƙyalli, ta kai gida, maigidan ya ce a ci gaba da haka.

Karatun ne ya ƙi motsi, ofis kuma ya lura. Layukan yara huɗu a jadawalin sakamako suna hawa kamar hayaƙin safe, na Sarkin Barci da nata suna kwance a ƙasa. Aka aiko mata da takardar neman bayani a matsayinta na jami'a: me ya sa ɗaliba ta shida ba ta ci gaba, kuma an ziyarci gidansu? Ta amsa da gaskiya cewa tana zuwa gidan kullum, har kwana take yi. Ofis ya yaba da wannan sadaukarwa, amma ya tunatar da ita cewa jami'in da ɗalibin kulawarsa ya ƙare zango ƙarƙashin layi ana sa masa jar alama a fayil, mai jar alama kuma ba ya samun takardar yabo ranar ritaya. Ritayarta baɗi ne. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, amma ta daɗe da zaɓar wa takardar nan wuri a bangon falo, tsakanin taga da hoton jikoki.

Ana gobe gwajin ƙarshen zango suka sake zama su uku. Hedimasta ya rufe ƙofa ya rage murya, ya ce shi ya yi nazari, in yaran nan suka karanta yadda suka iya yanzu, huɗu za su haye, rukuni ya mutu. Me zai hana a ɗan ja musu kunne su sassauta? Bayan-Aji ta ce ba za a koya wa yaro ɓoye abin da ya sha wuya ya samu ba, wannan sana'ar tata ce ita kaɗai. Kowa ya karanta iyakar ƙarfinsa. Ita ma gobe za ta karanta labarin tsaf, ta haye layi, ta fita daga rajista da mutuncinta, tun da rukunin ya gama aikinsa.

Dogo, wanda bai cika magana a gaban manya ba, ya ce saura Sarkin Barci. Ya buɗe littafin horo a shafin da ya naɗe. Akwai mataki na gaba ga waɗanda rukuni bai ɗaga ba, minti ashirin kullum da malami har zango biyu. Amma bibbiyu ake ɗauka, kuma sai in tazarar makinsu ba ta wuce kalma biyu ba. Yaro ɗaya tilo ba ya samun komai, a mayar da shi cikin arba'in. Ta ce ta san shafin. Ta ce a bari a ga goben, wataƙila yaron ya ba su mamaki.

Saurayin nan ne dai ya dawo da na'urarsa. Wannan karon a ɗakin ajiya aka yi, ɗaya bayan ɗaya, sauran na jira a bakin ƙofa. Na farko ya kawo talatin da huɗu, na biyu talatin da ɗaya, ta uku talatin da uku. Mai Wushirya ta shiga ta karanta arba'in da ɗaya da muryar da aka ji har ofishin hedimasta. Sai Sarkin Barci. Bayan-Aji ta jingina da bango tana saurare. Shiru ya yi tsawo, ta san ya kifa kai. Can sai ta ji wata 'yar murya, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba, tana jan kalma ta farko. Ta ƙirga da yatsunta a cikin mayafi. Agogo ya tsayar da shi a kan tara. Yaron da ya fara zango da sifili ya fito yana haki kamar wanda ya ɗauko ruwa daga nesa.

Aka kira ta shida. Ta shiga ta zauna, gwiwa ta gaida haɓa. Mai gwaji ya ajiye takarda ba tare da ya ɗago ba, ya faɗi kalmominsa, ya danna agogo. Labarin wata mata ne da iska ta ƙwace wa laima a kan gada. Ido ɗaya ta yi masa ta ga ƙarshensa, laimar ta dawo. Cikin daƙiƙa ashirin za ta iya gamawa, ta tashi da fayil fari tas.

Ta ɗago ta ga tagar ta cika da fuskoki. Yara huɗun da suka haye sun manne da gilashi, Mai Wushirya a tsakiya, ta ɗora yatsa a kan gilashin tana jan sa daga hagu zuwa dama, tana nuna mata yadda ake yi. Zango guda suka yi suna wahala a kanta. Sun zo ganin amfanin gonarsu.

Bayan-Aji ta sa yatsa a ƙarƙashin kalmar farko. Ta ja harafin, ta tsaya, ta koma, ta haɗa shi da na biyu. Ba ta taɓa yin karatu mai wuya irin wannan ba. Kalmomin suna rugowa bakinta da gudu kamar jikokin da suka hango ta a ƙofa, tana tare su da haƙora, tana sakin ɗaya duk bayan daƙiƙa shida. Uku. Huɗu. A taga leɓunan Mai Wushirya na faɗin ta biyar da dukan fuskarta. Bakwai. Zufa ta gangaro mata ta bayan kunne. A ta goma ta tsaya, ta zuba wa ta sha ɗaya ido, wata 'yar kalma mai harafi biyu, tana kallonta har agogo ya yi ƙara.

"An gode. An yi ƙoƙari," in ji mai gwaji, kamar yadda aka tsara masa. Na'urar ta yi ɗan tunani, ta fitar da hukunci, ya karanta wa Dogo da ke bakin ƙofa: huɗu sun fita, rukuni ya rufe, biyu sun dace da juna, sun wuce mataki na gaba. Dogo ya sunkuyar da kai fiye da yadda ƙofar ke buƙata.

Ta fito tana dafa bango. Yaran suka buɗa mata hanya. Mai Wushirya ta tsaya a gabanta, hannu a ƙugu, idanu sun kawo ruwa.

"Kin san ta, Kaka. Jiya kin karanta ta. Ni na koya miki."

"Na sani, uwar ɗakina. Ta ɓace mini ne."

"Ba kya sa hankali, shi ya sa."

Ta juya ta tafi, sauran suka bi ta, suna tattauna inda suka yi kuskure a tarbiyyarta. Bayan-Aji ta samu dakalin baranda ta zauna, ta miƙe ƙafafu. Sai ta ji an zauna kusa da ita. Sarkin Barci ne, ido buɗe, yana kallon filin wasa. Ya tambaye ta nawa ta samu. Ta ce goma. Ya lissafa a yatsunsa, ya sake lissafawa.

"Da ɗaya kika fi ni," ya ce. "In an dawo hutu zan wuce ki."

Ta ce sai dai ya dage, don ita ma ba zama za ta yi ba.